An Damfari Masu Ciki da Sunana

Anti, don Allah ki taimaka min da shawara, kaina ya ɗau zafi. Ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti, shekarata goma sha huɗu ina karɓar haihuwa. Duk mai cikin da ta zo awo, da hannuna nake rubuta mata lambar wayata a bayan katinta, don in naƙuda ta tashi ta kira ni. Shi ya sa ba na ƙin ɗaga baƙuwar lamba.

Ranar Talata ina ɗakin awo, mata cike da benci, waya ta yi ƙara. Wani mutum ne mai ladabin tsiya, ya ce daga ƙungiyarmu ta ungozomomi yake, za a yi taro ta waya, in karanto masa lambobi shidan da suka shigo min yanzu don a sa sunana. Hannuna ɗaya na kan cikin wata, ɗaya riƙe da waya, na karanto masa tsaf. Har godiya na yi masa, Anti! Ni da nake yi wa ƙanwata faɗa kan irin wannan sakarcin.

Kafin la'asar manhajar da nake hira da mata ta rufe min ƙofa. Ashe shi ne a ciki, da hotona da komai, yana bin mazajensu ɗaya bayan ɗaya wai a turo kuɗin kayan haihuwa da gaggawa. Mutum biyar suka tura. Abin da ya fi ƙona min rai, wata mai wata takwas, hawan jini gare ta, awo biyu ke nan ba ta zo ba. Mijinta na cikin waɗanda suka tura, ya ce ba za ta ƙara taka inda nake ba. Na kira, na kira, ba sa ɗagawa.

Maigidana kuma sai "dama na faɗa miki" yake ta ce min, safe da yamma, har na ƙosa da zaman falo. Ya ce in karya layin in huta. To, katunan da ke hannun mata fa? In bi su gida gida ina gogewa? Wallahi yanzu in waya ta yi ƙara sai na yi ta kallonta kafin in ɗaga. Ya zan yi?

Ungozoma mai takaici

'Yar'uwa, sannu. Ki daina kiran kanki sakarai. Mutumin nan ya zaɓi lokacin da hankalinki ke kan aiki ne, sana'arsa ke nan. Amma kuskure kam an yi, sai gyara.

Maigidanki yana da gaskiyarsa, tsoro yake ji kada a sake cutar ki. Sai dai karya layi ba magani ba ne, don ɓarawon zai ci gaba da zama cikin manhajar da hotonki, ke kuma mata su rasa ki. Layin yana hannunki, da shi za ki kore shi. Ki sake yin rajistar manhajar da lambarki, sabbin lambobi shida za su shigo wayarki. In ta ce ki jira kwanaki, ki jira. Da kin shiga, ki kunna kariya ta biyu da ke cikin saitin manhajar, ki sa lambar sirri wadda ba shekarar haihuwarki ba.

Daga yau ki riƙe wannan: lambobin da suka shigo wayarki, da lambar sirrin katin banki, ba a karanta wa kowa, ko ya ce daga banki yake, ko ƙungiya, ko ma'aikata. Ki ci gaba da ɗaga baƙuwar lamba, aikinki ne. Mai naƙuda dai ba za ta tambaye ki lambobi ba. Wanda ya tambaya, ki kashe, ki kira wanda kika sani a wurin da ya ambata.

Ki sanar da shugaban asibitinku, ki kuma tsaya gaban benci ranar awo ki faɗa da bakinki cewa ba kya neman kuɗi ta saƙo. Mutum biyar ɗin nan su kai ƙorafi bankinsu da wurin 'yan sanda da shaidar turawa, yau ba gobe ba. Ba zan yi miki alkawarin kuɗin zai dawo ba.

Ita kuwa mai hawan jini, ki bar wayar nan, ta waya aka cuce su. Ki ɗauki abin awonki, ki nemi rakiyar babbar ma'aikaciya, ki je gidan. Ki ba mijin haƙuri, ki bar shi ya fitar da fushinsa. In ya ce ba ke ba, ki haɗa su da wata ungozomar a ranar, kada ki tsaya kare sunanki. Suna zai iya jira, jininta ba zai jira ba.

Allah Ya sauke ta lafiya, ke kuma Ya sanyaya miki zuciya.