Hannuna Aka Fara Ɗiba

Yaya Hadiza,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Malam, ya yara, ya zaman baƙunta? Mu nan Konni lafiya lau.

Ƙanenmu Sani ya zo daga jami'a yana binciken gubar dalma a jinin masu gyaran batir. Sun ƙi ba shi jini, sai da na miƙa hannuna aka fara ɗiba a gabansu, don ni suka sani tun ina rubuta labarin ciwonsu a jarida. Jiya Baba ya tara maƙwabta, ya ce Dokta Sani ne ya gano cutar. Ni aka aika sayo lemo.

Ki gaida Malam da yara. Ki roƙa mini Allah ya wanke zuciyata kafin Sani ya gane, don har yanzu ban yi masa barka ba.

Ƙanenki,
Isa