Takarda mai ƙyanda

Wurno, daren Laraba, watan Rajab

Abdu ya dawo da takardar shaida! Jikana, malamin elementare na Rabah, ya ƙare karatu mai zurfi da aka tura shi Ingila, na koyar da makafi da tsara masu darasi. Alhamdu lillahi.

Bayan la'asar ya miƙo mani wata takarda mai kauri, ya ce in karanta. Na juya ta ciki da baya, babu tawada ko ɗigo, sai ƙuraje. Na ce, "Kai Abdu, mi ka kawo muna? Shekara biyu can, ka dawo da takarda mai ƙyanda?"

Ya yi dariya ya ce, "Tsoho, ina ajin yamman da kake cika muna baki da shi? Kawo yatsa."

Ban gaya wa kowa ba cewa idona na dushewa. Da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma tun damina nake tsoron karatun ya kuɓuce mani. Ashe ya gane tun daga wasiƙuna, da ya ga layi na hawa bisa layi.

Ya aza yatsana bisa ƙurajen a hankali, yana faɗin baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Ashe rubutun makafi ne. Sai na ji Garba. Sunana ne! Sau uku na bi shi, na ukun ni kaɗai. Wanga jika ya san aikinai, ko tsawa bai yi mani ba.

Gobe da hantsi zan shimfiɗa tabarma a zaure. Mutanen Kwargaba da na Marnona, kowa ya zo ya ga tsoho ya rufe ido yana karanta sunansa.