Bashin Gwamnati Ba Masara Ba Ne

Daren Laraba, Trikania

Tun da aka rufe masaƙa, ba wanda ya taɓa zama ya yi mini bayanin kuɗina har na gane. Yau ma haka.

Ɗana Bulus ya zo daga Romi. Kuɗin da na tara don sayen kwanon rufi ya sa a cinikin takardun bashin gwamnati, irin wanda ake yanke farashi yau, a rufe ciniki wata rana can gaba. Wai mun yanke za mu saya a casa'in da takwas, ta sauko casa'in da biyar, an cire mana uku a kowace takarda.

Na ce a ajiye har ta tashi, yadda nake barin masara a buhu sai damina.

Ya ce, "Baba, ranar ta cika, babu abin ajiyewa."

Na ce ya kawo takardar in gani, sai ya miƙo mini waya.

Na gaji, ko tuwo ban taɓa ba. Masara in ta faɗi, ai a ci ta. Gwamnati ba ta ƙi biya ba, ɓarawo bai shigo ba. To aljihun wa kuɗina suka shiga? Wani ya fito ya amsa mini.