Surukina Yana Amsa Kiran Da Ba Nasa Ba

Assalamu alaikum Malam mai kula da wannan fili, da ku masu karatu manya da ƙanana. Ina gaishe ku gaisuwar wanda ya zo da buƙata. Roƙona na farko a sakaya sunana. Na biyu kuma a daure a karanta har ƙarshe kafin a zage ni, don in zagi ne na riga kowa, kullum sai na yi wa kaina.

Ni ke kula da kwamfutar wata ƙungiyar manoma a nan Gusau. Bayan an ba mu jiha ne wasu masu taimako suka kawo mana guda uku, babbar tana ofishinmu, ƙananan biyu suna rassanmu na Tsafe da Bungudu. Aka tura ni Kaduna wani ɗan kwas na 'yan makonni, na dawo kowa yana ce mini Injiniya, ni kuma ban taɓa hana kowa ba. Yadda abin yake aiki ba shi da wuya. Layin tarho ɗaya gare mu, ana cusa wayarsa a bayan wani ɗan akwati da ake kira modem. Kwamfutar reshe sai ta bugo lambarmu, akwatin ya ɗauka da kansa tun kafin tarho ya yi ƙara, su yi ta tsuwa kamar an taka jelar kyanwa, sannan mai aikin reshen ya rubuta sunansa da lambar sirri ya shiga, ya kwashi saƙonnin mutanensa, irin su farashin hatsi da ranar zuwan taki da ranar allurar shanu. Tsafe da safe suke shiga. Bungudu kuwa sai tsakanin Azahar da La'asar, saboda ofishin wasu suka raɓa, da safe layin yana hannun masu shi, kuma mai aikin wurin, bari in kira ta Malama Hajara, tana koyarwa a firamare sai an tashi. Bayan La'asar tamu kwamfutar ce ke kiran Kaduna ta ɗauko sababbin saƙonni. Haka muka yi ta tafiya lafiya lau, ban taɓa jin wani ya yi kuka da aikinta ba.

Sai maganar Lawali ta shigo. Lawali yayan maiɗakina ne, ya tafi Saudiyya shekaru da yawa, ba wasiƙa ba saƙon baki, har wasu a gidansu sun daina ambaton sunansa. Kwatsam wani da ya dawo Umara ya ce ya gan shi, yana neman lambar da zai samu mahaifinsa. Maiɗakina ba ta tambaye ni ba ta aika da lambar ofishinmu. Da wani ya sake dawowa sai ga saƙo, wai Lawali ya buga lambar, wani abu ya yi masa ihu a kunne, amma zai riƙa gwadawa bayan Azahar. Washegari ina zaune a gaban kwamfuta na ji sallama, na ɗaga kai, sai ga surukina a bakin ƙofa da sandarsa, ya tako tun daga Sabon Gari cikin rana. Ku da kuka san yadda muke da surukai a nan kun san halin da na shiga. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, in na hango shi a hanya sai in tuɓe takalmi in durƙusa har ya wuce. Shi ma ba ya kiran sunana, ba ya yi mini magana kai tsaye. Ranar ma bango ya duba ya ce, "A hwaɗa ma mai wurin ga, na zo jiran wayar yaron ga." Me zan ce? In ce Baba koma gida, lokacin Bungudu ne? Na zare wayar daga bayan akwatin, na maƙala ta a kan tarho, na jawo masa kujerata, na fita na zauna a gindin dalbejiyar ƙofar ofis, don ba zama ɗaki ɗaya tsakanina da shi. A raina na ce yau ɗaya ce, Bungudu sa shiga gobe.

Ranar kuwa Lawali ya bugo da gaske. Daga waje ina jin tsohon nan yana kuka yana sa albarka, ni ma sai da na share ido. Bayan 'yan kwanaki ya sake bugowa sau ɗaya. Daga nan shiru, ba a sake jin muryarsa ba har yau da nake rubuta muku. Amma Baba bai fasa zuwa ba, kullum ana sallame Azahar zan ji ƙarar sandarsa, in zare waya, in fita. Kuma kullum sai tarho ya yi ƙara, ya yi ta yi yana katsewa har La'asar. Wallahi da farko ban kawo komai a raina ba, wai ni Injiniya. Sai da maiɗakina ta dawo daga gidansu fuska cike da fara'a ta ce, "Ai Yaya Lawali kullum shina bugowa, Baba ya ce layin Makka ne ba shi da kyau, in ya ɗauka sai ya ji ɗan fito can nesa, ya yi ta kiran sunanshi, sannan ta yanke." Nan take na gane. Ba Lawali ba ne. Kwamfutar Malama Hajara ce ke bugowa daga Bungudu tana neman tamu, tsoho yana ɗauka, ita kuma in ba ta ji tsuwar 'yar'uwarta ba sai ta kashe ta sake gwadawa.

A nan ne ya kamata in yi magana, na sani. Ban yi ba. Malama Hajara ta shigo mota ta zo har Gusau wata Asabar ta ce, "Injiniya, wagga na'ura ta hana ni sakat. Tana bugawa, ina jin an ɗauka, amma ba ta kai ni inda zan sa suna, sai ta rubuto wai ba ta samu haɗi ba." Ni kuma na gyara zama kamar likita na shiga jero mata tambayoyi. Kin tabbata lambar daidai kike bugawa? Ba ki taɓa wani abu a cikin saitin ba? Wayar bangon ba ta yi tsatsa ba? An yi ruwa a wajenku? Na sa ta sayi sabuwar waya, ta saya. Na ce ta kashe komai ta bari ya huce ta sake kunnawa, ta yi. Na ce ta kai ƙara ofishin tarho, mijinta ya yi ta jigilarta a babur har sai da suka aiko wani ya hau sandar wayar tarho ya duba, ya sauko ya ce layi lafiyarsa ƙalau. Duk abin da na sa ta ta yi shi, kuma duk lokacin da za ta tafi sai ta yi mini godiya. Da a ce tana da kan tarho a wurinta da tuni ta ɗaga ta ji da kunnenta, to masu ofishin in sun tashi kulle nasu suke yi a durowa.

Da abin ya yi tsawo shugaban ƙungiyarmu ya sa aka kirawo mai gyara daga Kaduna. A nan na yi abin da ya fi komai muni. Na ce wa maiɗakina ta gaya wa Baba gobe ofis a rufe yake. Baba bai zo ba, waya tana bayan akwatinta, mai gyara ya tafi Bungudu da shugaba, ya buga sau ɗaya tak ta haɗu, saƙonnin da suka taru suka yi ta zubowa. A gaban kowa ya ce, "Alhaji, na'ura ba ta da laifi, sai dai hannun da ke taɓa ta." Malama Hajara ta ce ita fa in tana gwadawa ita kaɗai tana jin wata murya siririya a cikin akwatin, kamar ta tsoho, yana ta kiran wani suna. Mai gyara ya yi dariya ya ce layuka ne ke sarƙewa. Wani ɗan kwamiti ya ce ko dai a nema mata rubutu ta sha. Kafin sati ya zagayo magana ta bazu a Bungudu cewa kallon allon kwamfuta ya taɓa ta, tana jin muryoyi. Mace mai hankali, mai 'ya'ya, wadda ta koyar da rabin yaran unguwarsu karatu, yau ita ake nunawa da baki, kuma gaskiya ta faɗa.

Sannan aka yi na shanun Nahuce, wani gari da ke karɓar saƙo daga reshen Bungudu. Saƙo ya zo cewa an matso da ranar allura, ya zauna a cikin kwamfutata bai isa Bungudu ba. Mutanen Nahuce suka koro shanunsu a tsohuwar ranar, suka tarar masu allura sun zo sun tafi tuni. Ranar ta sha maganganu a bakin ofis, har da mai cewa dama aikin nan ba na mata ba ne. Don in rage zunubi sai na fara buga saƙonnin Bungudu a takarda ina ba direban mota ya kai mata. Ashe ƙara nutsar da ita na yi. Shugaba ya ce to in mota ce za ta riƙa kai saƙo, mene ne amfanin ajiye ta?

Kada ku ce ban nemi mafita ba. Na je neman layi na biyu, aka ce in cika takarda in jira, kuma kowa ya san irin wannan jiran, akwai waɗanda suka yi furfura a cikinsa. Na roƙi masu ofishin Bungudu su ba ta ɗan lokaci da safe, suka ce su ma da shi suke aiki, ita ma tana aji. Na gwada maiɗakina, na ce ko za ta lallaɓa Baba ya riƙa zuwa ranar Juma'a kawai. Ta ajiye tsintsiyar hannunta ta ce, "Ni in hwaɗa mai? Ka san tun da wayar ga ta fara ƙara ya koma cin tuwo? Da, sai an yi da gaske yake shan ko kunu." Na ce, "To in kuma ba Lawali ba ne ke..." Ta ɗaga mini hannu ta ce, "Kak ka ida. Don Allah kak ka ida." Ta shige ɗaki. Ina jin ita ma zuciyarta ta gaya mata, ba ta dai son a furta.

Yanzu shugaba ya ce a taron ƙarshen wata za a yanke hukunci, kuma ni za a tambaya a gaban kwamiti, tunda ni ne Injiniya, in faɗa ko na'ura ce ko ita ce. In na ce ita ce, ta tafi, da sunan mai taɓin hankali a kanta. Wanda za a kawo a madadinta shi ma ba zai samu shiga ba, na san wannan sarai. In na mayar da waya bayan akwati na yi shiru, tarho ba zai ƙara yi wa Baba ƙara ba, kuma da wane baki zan hana shi kujerar? In kuma na faɗi gaskiya, kafin Magariba ta isa Sabon Gari, tsohon da ya dawo da cin abinci ya ji cewa duk watannin nan akwati yake yi wa magana, kuma mijin 'yarsa yana zaune a gindin bishiya ya sani. Korar da za a yi mini ma ba ta dame ni kamar wannan ba.

Shekaranjiya ta zo Gusau ba ta aiko ba, kuma bayan Azahar ta iso. Ta tarar da ni a gindin dalbejiya, na ce akwai baƙo a ciki, na ba ta benci. Ba roƙo ta zo yi ba. Cewa ta yi, "Injiniya, ko an kore ni ba komai, Allah na nan. Amma tsohon ga da nike ji shi ka hana ni barci. Ko wane ne, wani yake nema, kuma ba ya samunshi." Tunda tana nan tare da ni, ranar tarho bai yi ƙara ba ko sau ɗaya. Ana kiran La'asar Baba ya fito a hankali, ya tsaya a bakin ƙofa ya fi yadda ya saba daɗewa, ya dubi bango ya ce, "Yau yaron ga bai bugo ba. Allah ya sa lahiya." Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa, ya kama hanya. Ta bi shi da kallo har ya sha kwana, sannan ta juyo ta ce, "Wane ne wannan?" Na ce surukina ne. Ta ɗauki jakarta, ta gyara mayafi. Ta yi taku kaɗan sai ta tsaya ta ce, "Ranar taro kai za a tambaya, ko?" Na ce e. Ta ce, "To." Ba ta yi mini godiya ba wannan karon.

Jama'a, na san ni na jawo. Kunya na ji ta mutum ɗaya, na ɗora wa wata nauyinta, yanzu kuma duk inda na juya sai na karya zuciyar wani da bai yi mini komai ba. Taro saura kwanaki, kuma gobe ana sallame Azahar zan ji sandarsa a bakin ƙofa. Don Allah ku taimake ni. Me zan yi?