Kawu Sule Ya Daina Gardama

Barking, Landan

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Yaya ƙafar Inna? Mu nan alhamdulillahi.

Ranar Asabar na je duba Kawu Sule a gidan tsofaffin da council, wato ƙaramar hukuma, ta kai shi. Kin san shi da aƙidar gurguzu. Ya ƙare rayuwarsa yana karatun masanan Turai na ƙarni na sha tara, duk wanda ya shiga flat ɗinsa sai ya sha bayani kan ma'aikatan masaƙa da masu jari. Don in tsokane shi na ce, "Kawu, ni dai na yarda jari-hujja ce gaskiya." Da a da ne, sai ya buga tebur ya kira ni yaron Turawa.

Ya dube ni ya ce, "To, madalla. Kai ɗan wane ne?"

Na ce ɗan ƙanwarsa Binta. Ya gyaɗa kai kawai. Na zauna har shayinsa ya huce, sannan na hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na koma gida. Ban yi kuka ba, Yaya. Har yau ban ji komai a raina ba.

Ku sa mu a addu'a, ni da shi. Ki gaida kowa. Idan Inna ta tambayi yayanta, ki ce yana cin abinci sosai.

Ƙaninki,
Nasiru