Kafaɗar Tihana da Tagar Bas

Malama Zdenka,

Ki taimake ni, gidana ya juya mini baya a kan wata 'yar jami'a mai yawo da igiyar roba.

'Yata Tihana, shekararta sha tara, ita ce babbar mai jifa a ƙungiyar ƙwallon hannu ta garinmu, nan bakin kogin Drava. Idan ta saki ƙwallo, mai tsaron raga rufe ido take yi. Ni na koya mata, don ni ma na buga a zamanina. Hannunta na dama ya fi na hagu kauri, har telar da ta ɗinka mata rigar biki ta tambaya ko hannun mutum biyu aka kawo mata. Na ce gado ne, haka muke.

Bana ƙungiya ta ɗauko wata Vedrana, wai mai kula da gaɓoɓin 'yan wasa. Ta auna yaran a watan Satumba, ta sake aunawa bayan Kirsimeti, sai ta ce tazarar hannuwan Tihana ta ƙaru: gaban kafaɗa ya yi ƙarfi, bayanta ya yi rauni, kuma hannun daman ba ya juyawa kamar da. Wai a rage mata jifa, ta riƙa jan roba kamar tsohuwa a asibiti. Ga shi a watan Maris mutanen wata babbar ƙungiya za su zo daga Zagreb kallonta. Su zo su kalli me, benci?

Kafaɗar tana ciwo, ban musa ba, amma na san dalili. Suna dawowa daga wasa, gumi bai bushe ba, wata mara hankali ta buɗe tagar bas alhali ta direba ma a buɗe take. Promaya ce ta shige ta, iskar nan mai ratsawa tsakanin taga biyu, wadda ta kashe mini kawu. Na ɗaure mata ganyen kabeji da tsumma jiƙe da rakiya, barasar nan tamu ta gida, yadda mahaifiyata take yi mini. Tihana ta ce, "Baba, ka naɗe ni kamar sarma, naman Kirsimeti na cikin ganyen kabeji, saura tukunya." Matata Ljerka kuwa ta leƙo ta ce, "Likita Kabeji, in ka gama duba marasa lafiya miya ta huce."

Ni na yi shekaru ina jifa, ba wanda ya taɓa auna ni, kuma ga ni garau. Ljerka ce dai take sa mini kwat da safe, ita take sauko mini da kaya daga saman kabad, amma wannan tsufa ne da iska. Ta yaya zan sa shugaban ƙungiya ya sallami matar nan kafin Maris?

Tsohon Mai Jifa

Tsohon Mai Jifa,

Na karanta wasiƙarka taga a buɗe, ƙofa a buɗe, kuma har yanzu ina numfashi.

Bari in fara da inda ka yi gaskiya, ba zai ci mana lokaci ba. Hannun mai jifa yakan fi ɗan'uwansa, wannan ba cuta ba ce. Tsoronka na Maris ma tsoron uba ne, irin wannan dama ba kullum take zuwa ba.

Sai dai Vedrana ba cewa ta yi hannuwan sun bambanta ba, wannan tela ma ta gani. Cewa ta yi bambancin yana ƙaruwa cikin 'yan watanni, ga ciwo ya biyo baya. Naman gaban kafaɗa ne yake wurga hannu, na baya ne yake taka masa birki. Ka daɗe kana ƙara wa motar 'yarka wuta, an samu mai duba birki, kai kuma kana neman a kore ta.

Kabeji ba ni da ƙorafi a kansa. Yana sanyaya fata, yana ba iyaye abin yi. Iska kuwa, a ƙasar nan ita ce mai laifin da ba ta taɓa ɗaukar lauya ba, shi ya sa kowa yake kai ta ƙara.

Ka kai yarinyar likitan ƙashi ya duba kafaɗar cikin makon nan. Ta rage jifa yadda aka ce, ta ja robarta kullum. Mutanen Zagreb ka gaya musu gaskiya, don su ma aunawa suke yi kafin su ɗauki 'yar wasa, kuma sun fi son kafaɗar da aka kula da ita a kan wadda aka ɓoye cikin ganye. Sannan ka zauna ka tambayi Tihana abin da take so. A wasiƙarka na ji labarin tela, na ji na marigayi kawunka, ra'ayin mai kafaɗar ne ban ji ba.

Gobe da safe, idan Ljerka ta ɗago kwat ɗinka, ka ce ta bari, ka sa da kanka. In ka iya, rubuto mini, ni da kaina zan rattaba hannu a kori Vedrana. In ba ka iya ba, ka je wurinta ka cire hula da hagu, ka tambaye ta ko tana da roba ta biyu.

Allah ya ba Tihana lafiya da sa'a a Maris, ya ƙara wa Ljerka haƙuri.

Zdenka