Awa Tara da Rigar da Ban Ƙarasa Ba

Zuwa ga Dogona, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa,

Ina gaishe ka gaisuwar mai kewa. Jiya na ɗora tef ɗin awo a kan taswirar da ka manna a bangon shagon ɗinkina, daga garinmu zuwa garin da karatu ya kai ka. Inci huɗu kacal! Ko aljihun riga ya fi shi faɗi. To yaya aka yi inci huɗu ya raba ni da mijina wata goma sha ɗaya?

Ka tuna ranar da ka tafi? Tikitinka ya ce tashi goma na safe, sauka ɗaya na rana. Ni da Iyarka muka ƙirga da yatsu, muka samu awa uku. Babu wanda ya gaya mana agogon can yana bayan namu da awa shida. Ɗaya ta yi, uku ta yi, biyar ta wuce, wayarka a kashe. Iya ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ni kuwa don kada in haukace na yanka yadin nan ruwan toka na hau keke, ina taka ina kuka, ina ɗinka maka riga. Sai bakwai ka kira kana dariya, har da ba mu labarin abincin jirgi. Wallahi da kana kusa, da kunnenka ya sha ja.

Tun ranar nake tsoron jirgi. Ka san haka, shi ya sa ka rubuto cewa tunda ba zan iya zuwa ba, za ka ajiye karatun ka dawo. Haba Dogo! Karatun da ka yi shekara biyar kana nema, ka zubar saboda matsoraciya irina? Ban yarda ba. Kewarka tana cina yadda asu ke cin yadi, amma gara in ƙare da in ga ka dawo hannu rabbana.

Don haka ga ni nan tafe. Awa tara ce, kilomita dubu bakwai da ɗoriya. Na tambaya har sau uku, wannan karon ban ƙirga da yatsu ba. Zan runtse ido in ƙanƙame hannun duk matar da tsautsayi ya zaunar kusa da ni.

Rigar tana cikin jakata. Ban kama gefenta ba, ban sa mata maɓalli ba. Kullum a waya cewa kake kana cin abinci, ni kuwa ban yarda da awon da ba hannuna ne ya ɗauka ba. Ka tsaya a bakin ƙofar fitowa ka buɗe hannuwanka sosai, kada ka motsa. Awo zan yi.

Taka har numfashin ƙarshe, a ƙasa ko a sararin sama,
Telarka